Ni Na Sa Aka Rufe Bakin Bireka

'Yar uwa, in kina gida a yanzu, ki tuna inda akwatin wutar gidanku yake. Wataƙila yana bayan ƙofar falo, ko a lungun da ke tsakanin kicin da sito. A cikinsa akwai wasu 'yan makunnai a jere, waɗanda masu gyaran wuta ke kira bireka. Shekarata goma sha ɗaya da aure, ban taɓa tsayawa na karanta abin da aka rubuta a jikinsu ba. Iyakar sanina, in ɗaya ta faɗi a tashe ta. Sai da na kusa ƙona ɗakin 'ya'yana sannan na koyi karatun, kuma shi nake so in ba ki yau, don kada ki biya kuɗin makarantar da na biya.

Ni ma'aikaciyar jinya ce. Na yi aiki a ɗakin da ake kwantar da waɗanda suka ƙone, na san kukan yaro lokacin da ake sauya masa bandeji. Saboda haka ba rashin sanin illar wuta ya ja ni ba. Gajiya ce da gaggawa, kuma babu uwar da ba ta san su ba.

Bayan mun daɗe muna sayen ruwa a hannun 'yan garuwa, Allah Ya hore mana muka haƙa rijiyar burtsatse a gida. Aka zura injin jan ruwa mai ƙarfin doki ɗaya a ƙasa, aka ɗora tanki a sama, aka maƙala ɗan akwatin injin a bangon sito. Tun makon farko muka lura da wani abu. In an kunna injin, wani lokaci birekarsa takan faɗi nan take. Ba kullum ba, sau ɗaya cikin uku ko huɗu. Sai a tashe ta, a sake kunnawa, ya kama. Muka saba har muka daina gani.

Da bazara ta kankama, sai wata matsalar ta ƙaru. Akwai ɗan jan maɓalli a jikin akwatin injin. Shi ma ya fara bultsowa bayan kamar minti goma da kunnawa, injin ya mutu, sai an jira ya huce a danna shi. Tankin da yake cika cikin sauƙi ya koma wuni guda ana fama.

Ranar da abin ya kai ni bango, na dawo daga aikin dare ne. Babu ɗigon ruwa a tanki, ga kayan makarantar yara, ga wankin ƙaramin, ga kwanonin jiya. Abban yara ya yi tafiya. Na aika aka kira wani yaro da ke 'yan gyare-gyaren wuta a unguwarmu. Ya buɗe akwati, ya leƙa.

"Anti, birekar ce ta yi ƙarama. Goma ce. In sa miki babba?"

"Sa wadda ba za ta sake faɗuwa ba," na ce.

Wallahi kalmomin da na faɗa ke nan. Ya je kasuwa ya dawo da wadda aka rubuta 63 a jikinta. Jan maɓallin nan kuma ya ce shi ma fitina ne, ya ɗauko guntuwar waya ya tsallake shi. Ya kunna, ruwa ya hau. Na biya shi, na ƙara masa na mota, har da sa albarka.

Kwana goma sha takwas muna cikin daɗi. Ranar sha tara, bayan La'asar, aka kawo wuta. Na kunna injin na shiga kicin zan ɗora tuwo. Ruwan bai ko tafasa ba sai ga babbar 'yata, mai shekara tara, a bakin ƙofa.

"Umma, ɗakinmu yana warin roba."

Wayar injin ta bi ta bangon ɗakinsu ne a cikin bututun roba, ta bayan labule. Ina shiga na ga hayaƙi yana tashi daga bangon, bututun ya narke yana ɗiga, gefen labulen ya fara ci. Ƙaramin, ɗan wata goma sha huɗu, yana barci a katifar da ke ƙarƙashin tagar. Na sure shi na miƙa wa yayarsa, na ruga na kashe babban makunnin gidan gaba ɗaya, sannan na fizgo labulen na danne shi da bargo.

Da komai ya lafa na koma gaban akwatin wuta, jikina yana rawa. Birekar nan mai 63 tana nan tsaye ƙyam. Ta yi abin da na nema, ba ta faɗi ba.

Abin da ya hana ni barci a daren shi ne wannan: galibi da tsakar dare muke kunna injin, don lokacin aka fi kawo mana wuta. Mu kunna, mu koma mu kwanta.

Washegari Abban yara ya turo wani dattijo da ya shekara da shekaru yana kula da injuna a masaƙa kafin a rufe ta. Ya sa aka zaro injin daga rijiya. Ruwa ya ja baya, injin ya yi ta zuƙar yashi har ya cije, nannaɗaɗɗiyar wayar cikinsa ta ƙone ƙurmus. Bai yi mini faɗa ba. Ya nemi kujera, ya ce, "'Yata, zauna. Ke da kike ba mutane magani da awo, wannan ba zai gagare ki ba."

Ga abin da ya koya mini, da abin da na ƙara karantawa daga baya.

Abu na farko, duk injin da ke da moto, wato ɓangaren da ke juyawa, yana da hali guda. Ya tambaye ni ko na taɓa lura da mai tura kurar ruwa. Tashin farko shi ne wahala, sai ya sa ƙirji da ƙafa. In ta fara gangarawa, hannu ɗaya ma ya isa. Haka moto yake. A daƙiƙar tashi yakan ja wuta kusan ninki shida na abin da yake ci in ya daidaita. Shi ya sa kike ganin ƙwan fitila ya ɗan dushe in firij ya tashi. Ana auna yawan wutar da ke bi ta waya da amfiya. Injinmu yana cin amfiya 7 in yana aiki lafiya, a tashi kuwa yakan fizgi wajen 40, na ɗan lokaci kaɗan.

Abu na biyu, bireka kunne biyu gare ta. Ɗaya mai haƙuri ne: wani siririn ƙarfe da ke lanƙwashewa sannu a hankali in wuta ta ɗan wuce kima, har ya saki makunnin bayan daƙiƙoƙi ko mintuna. Ɗayan ba ya jira: maganaɗisu ne da ke fizge makunnin nan take in wuta mai yawa ta taho gaba ɗaya, kamar lokacin da wayoyi biyu suka haɗu. Lambar da ke jikin bireka, 10 ko 16 ko 32, ita ce amfiyar da za ta bari ta wuce a kullum. Harafin da ke gaban lambar shi ke faɗin lokacin da kunnen gaggawa zai motsa. Mai B tana faɗuwa nan take tsakanin ninki 3 zuwa 5 na lambarta. Mai C tsakanin ninki 5 zuwa 10. Mai D tsakanin ninki 10 zuwa 20.

Baba ya ɗauko tsohuwar birekarmu daga inda yaron ya jefar da ita, ya nuna mini: B10. Ya ce in yi lissafi. Ninki 3 zuwa 5 na goma, wato 30 zuwa 50. Tashin injinmu 40, a tsakiyarsu daidai. Shi ya sa wani lokaci ta faɗi, wani lokaci ta ƙyale. Ashe yaron bai yi ƙarya ba da ya ce birekar ba ta dace ba. Maganin ne ya kuskure. Abin da ya dace da injin irin namu, a kan waya mai kaurin da ya isa, shi ne C16. Kunnen gaggawarta ba ya motsawa sai wuta ta kai 80 zuwa sama, don haka tashin injin zai wuce lafiya. In kuwa injin ya cije ya ci gaba da jan 40, kunnen haƙurinta zai yanke wutar cikin kamar minti ɗaya.

Abu na uku shi ne wanda ya sa na yi kuka. Injin da ya cije yana nan kamar mai kurar da tayarsa ta faɗa rami, yana ta turawa da dukan ƙarfinsa ba ya gaba. Wutar tashi ba ta sauka, tana nan a wajen 40. A wurin bireka mai 63, arba'in ba laifi ba ne, ko za a kwana ana ja. Amma wayar da aka ja mana siririya ce, mai 1.5, irin ta fitilu, wadda ko rabin wannan ba ta ɗauka. Zafin waya kuma ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da wutar, tsalle yake yi. In wuta ta ninka biyu, zafi ya ninka huɗu. In ta ninka shida, zafi ya ninka talatin da shida. Da bireka ta ƙi yankewa, sai wayar ta zama ita ce za ta narke, a bayan labulen 'ya'yana.

Abu na huɗu, jan maɓallin da na sa aka tsallake. Sunansa obalodi, kuma shi ne mai gadin injin. Bireka tana gadin waya ne da gida. Tunda dole a zaɓe ta da ɗan girma don ta bar injin ya tashi, ba ta ganin ƙaramar wahala. A ce injin yana fama da yashi, yana cin 11 ko 12 a maimakon 7. Bireka mai 16 ba za ta ce uffan ba, alhali injin yana dahuwa a ciki. Obalodi ne ake saitawa dab da abin da injin ke ci, don ya kama irin wannan. Makonnin nan da yake bultsowa, gaskiya yake faɗa mini: ruwa ya ja baya, injin yana shan wuya. Ni kuwa na ɗauke shi mai fitina.

Nan kunya ta kama ni. A asibiti, in na'urar da ke jikin majiyyaci ta fara ƙara, gadon muke rugawa mu duba mutum. Duk nas ɗin da ta kashe ƙarar ta koma ta zauna, ta san abin da ta aikata. Haka kuma maganin yara da nauyinsu ake auna shi, babu mai ba jariri ƙwayar babba wai don ta fi ƙarfi. Abin da ba zan taɓa yi wa ɗan wani a wurin aiki ba, shi na yi wa gidana.

Daga baya na gano cewa wannan lissafi ba dabarar Baba ba ce shi kaɗai, rubutacciyar ƙa'ida ce. A Amurka akwai kundin ƙa'idojin haɗa wuta da ake kira NEC, wanda ake sabuntawa duk shekara uku, kuma sashe na 430 a cikinsa kacokan kan moto yake magana. Ya raba aikin gida uku. Ɗauki injin mai ƙarfin doki ɗaya a kan wuta mai bolt 230, wanda jadawalinsu ya ba amfiya 8. Waya dole ta iya ɗaukar kashi 125 cikin 100 na wannan, wato aƙalla 10. Bireka irin ta yau da kullum za ta iya kaiwa kashi 250, wato 20. In injin ya ƙi tashi da hakan, an yarda a ƙara, amma kada a wuce kashi 400, wato 32. Obalodi kuwa ba ya wuce kashi 115 ko 125 na abin da aka rubuta a jikin injin, gwargwadon irinsa. Kin ga ko a can, inda aka sakar wa birekar moto mara saboda akwai obalodi a bayanta, akwai rufin da ba a tsallakewa. Tawa ta kusa ninka rufin ƙarshe biyu, kuma babu obalodin.

Mu a Najeriya tsarin Ingila muka gada: wuta mai bolt 230, filogi mai ƙafa uku, bireka masu harafin B da C da D. Abin da aka saba a wayarin gidaje shi ne kada lambar bireka ta wuce abin da wayar da ke bayanta za ta iya ɗauka. Hukumar NERC ta fitar da ƙa'idojin haɗa wuta a 2015, hukumar NEMSA kuma ita ke duba aikin wuta da ba masu sana'ar takardar shaidar ƙwarewa. Ban kawo miki waɗannan lambobi don ki ɗauki sukundireba ba. Kada ki kwance komai da kanki. Na kawo su ne don ki san akwai awo, ki kuma iya gane wanda ya san awon da wanda ke cewa "a sa babba kawai".

Baba ya sake jan waya mai 2.5, ya kauce wa ɗakin yara. Ya sa C16, ya sa sabon akwati mai obalodi, ya ɗaga injin daga inda yashi yake. Ya kuma ƙara wani abu da ban san da shi ba, wanda ake kira RCD. Ya ce, "Hajiya, bireka ba ta san mutum ba." Wutar da za ta iya tsayar da zuciya ba ta kai ko amfiya ɗaya ba, bireka mai 16 ba za ta ji ta ba. RCD na gida yana yankewa in wuta kaɗan ta ɓalle ta bi ta wani wuri, miliamfiya 30 kacal, wato abin da lambar birekar ta fi shi fiye da sau 500. A gidan da yara ke taɓa kan famfo da jiƙaƙƙun ƙafafu, wannan ba ado ba ne. Yana da maɓallin gwaji a jikinsa, a riƙa dannawa lokaci-lokaci a ga ya faɗi.

Wannan magana ba ta masu rijiya kaɗai ba ce. Injin markaɗen da kike sana'a da shi, firizar ƙanƙara da zoɓo, na'urar sanyaya ɗaki, injin wanki, duk moto ne a cikinsu. Ga abin da nake yi yanzu.

Kafin a haɗa sabon inji, ina ɗaukar hoton rubutun da ke jikinsa da wayata, musamman injin rijiya, don in ya shiga ƙasa ba za ki sake ganinsa ba. Lambar da ke kusa da harafin A ita ce abin da yake ci.

In mai gyara ya zo, tambaya huɗu nake yi masa. Amfiya nawa injin ke ci? Wayar mai kauri nawa ce, kuma nawa take ɗauka? Wace lamba da wane harafi za ka sa, don me? Ina obalodin? Wanda ya san aikinsa zai ji daɗin tambayar. Wanda ya fara kame-kame, ki ba shi na mota ki sallame shi.

In bireka ta faɗi, ina lura da lokacin. Faɗuwa a daidai tashin inji, jefi-jefi, tana iya nufin harafin ko lambar ba su dace ba. Faɗuwa bayan an ɗan yi aiki tana nuna nauyi ya yi yawa ko injin yana wahala. Faɗuwa da ƙara da zarar an tashe ta kuwa alamar wayoyi sun haɗu ce. Sau ɗaya nake tashe ta. In ta sake, na bar ta a ƙasa sai an duba.

In wuta ta zo ba ƙarfi, fitila ta yi ja, ba na kunna injin. Moto yana iya kasa tashi a irin wannan wutar, ya tsaya yana gurnani yana ɗumama. Kuma mun daina kunna shi mu kwanta.

In kin ji warin roba, ko makunni ya yi zafi a hannu, ki kashe babban makunni tukuna. Kada ki watsa ruwa kan wayar da ke da wuta, kada ki taɓa wanda wuta ta riƙe sai kin yanke ta. In wani ya ƙone, a zuba wa wurin ruwa mai sanyi na famfo har minti ashirin, a rufe da tsabtataccen ƙyalle, a tafi asibiti. Ban da man goge baki, ban da ɗanyen ƙwai, ban da manja. Mu ne ke shan wahalar kankare su daga kan ciwo, yaron yana ihu.

Da Abban yara ya dawo, na so in ɗora wa yaron nan laifin duka. Na kasa, don na san wanda ya ba da umarnin. Na faɗa masa yadda aka yi, har kalmomin da na furta. Ya yi shiru, sannan ya ce shi ma wata nawa yana tashe birekar nan bai taɓa tambayar dalili ba. Yaron kuwa Baba ya sa aka kira shi, ya zaunar da shi gaban narkakkiyar wayar ya yi masa lissafin nan da alli a bango. Yanzu yana bin Baba aiki. Mun yi asarar inji, da waya, da labule, da mako biyu na sayen ruwa. In na dubi ƙaramin yana gudu a tsakar gida, sai in ga araha muka samu.

Watan jiya jan maɓallin ya sake bultsowa. Na dawo daga aikin dare, tanki babu ruwa, kwanoni sun taru, komai kamar wancan karon. Na tsaya a gaban akwatin, kuma ba zan ɓoye miki ba, zuciyata ta raya mini in danna shi in sake dannawa har tankin ya cika. Sai na kashe makunnin, na leƙa waje na kira mai garuwa, na sayi jarka shida. Da yamma Baba ya zo ya auna, ya tarar kafasitar injin ce ta raunana. Ya sauya ta da kuɗin da bai kai na cefanen kwana biyu ba.

In kin ajiye wayar nan, je ki buɗe murfin akwatin wutarku, murfin waje kawai, wanda ake ɗagawa da hannu. Karanta harafi da lambar da ke kan birekar injin ruwa, ko ta firiza, ko ta injin markaɗe. In kin ga 40 ko 63 a kan ɗan inji guda, ki nemi wanda ya san aiki ya duba kafin a sake kunnawa. Ki rubuto mana abin da kika gani a naku akwatin, wata 'yar uwar za ta ƙaru. Allah Ya tsare mana gidajenmu da zuri'armu.